Hotunan Saukar Ɗan Malam

A shekarun tamanin ni kaɗai ke ɗaukar hoto mai kala a Bunkure, kuma ko tafiyata ta nuna na san da haka. Wani mai shago a Kano ya nuna min fitila mai zobe da ake ɗaurawa a bakin kyamara, ya ce tana tausasa haske a fuska. Na yi masa dariya, na ce da hannuna zan haɗa wadda ta fi ta.

Ana gobe walimar saukar Alƙur'ani a makarantar Malam Sule, na yanka murfin robar abinci mai ruwan hoda, na ɗaure a kan fitilar kyamarata. Ban gwada ba, don a ganina gwaji na 'yan koyo ne.

A zaure Malam ya ce, "Mai hoto, wannan abin fa?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, sabuwar fasaha ce."

Da aka wanko hotunan a Kano, kowa ya fito jawur, har farin rawanin Malam. Ya daɗe yana duban hoton ɗansa na fari riƙe da allo, sannan ya miƙo min, ya ce, "Yaron nan ba zai sake wata saukar ba."

Daga nan aiki ya koma hannun wani mai hoto daga Kura, ni kuma na koma noman rani. Har yau in na shiga kasuwa sai wani ya nuna kwandon tumatir ya ce, "Mai hoto, ga ɗalibai sun jeru, ɗauka!"