Furar Suruka ta Kai Ni Ɗakin Killacewa

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da tsofaffin da nake kula da su suka kulle ni a ɗaki, baƙi daga ma'aikatar lafiya suna cikin gidan. Har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Lokacin ina aiki a wani gidan gajiyayyu mai zaman kansa a wajen Gusau, kan hanyar Bungudu. Tsofaffi ne a ciki, maza da mata, yawancinsu rashin tsaro ne ya raba su da ƙauyukansu, ba ɗa ba jika a kusa. Ni ne jami'in tsafta (sunan ya fi mai shi kwarjini). Damina ta sauka, aka fara jin labarin amai da gudawa a unguwanni, sai aka aiko mana cewa za a zo duba gidan. In aka ga sakaci, rufewa za a yi. Ina tsofaffin za su nufa? Babu wanda ya san amsa, har shugabar gidan.

Ni kuwa abin nema ya samu. Na kafa bokiti mai famfo da sabulu a bakin ƙofa, na hana musafaha, na hana cin tuwo a kwano ɗaya, na hana shigo da abincin waje, kowa kuma na ba shi butarsa. Sannan na share wani ɗakin ajiya a can bayan gida na raɗa masa suna ɗakin killacewa. Dokar ita ce duk wanda aka ga yana zaryar banɗaki, a sa shi ciki ba tambaya, a kai rahoto. Kullum sai na maimaita musu, har suka sa mini suna Malam Wanke-Hannu.

Babban ɗan adawata wani tsoho ne mutumin Furfuri, Baba Nomau. Yakan ce, "Wanga yaro, tun ba a haifi ubanka ba muke cin tuwo kwano guda, ga mu nan ba mu mutu ba." Ni kuma in ɗaga ɗan yatsa in ce, "Baba, ƙwayar cuta ba ta san girma ba." (Ku riƙe wannan magana, za ta dawo.)

Ana gobe baƙi za su zo aka yi suna a gidan surukaina a Tsafe, ƙanwar matata ce ta haihu. An kwana ana ruwa, kuma da idona na ga kwatar tsakar gida ta yi ambaliya har bakin rijiya. Da idona kuma na ga an ja ruwan an zuba a randa. Ina zaune a zaure sai ga matata da ƙwaryar fura cike fal. Daga bayan labule na ji muryar Inna, surukata: "A ce mai da hannuna na dama."

Jama'a, ku gaya mini, wane namiji ne zai ce wa surukarsa, "Inna, an dafa ruwan kuwa?" Na kalli furar, na kalli matata. Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Ka bar ko ludayi ɗaya, ni da kai ne." Na yi bismillah na shanye. Da Inna ta ga ƙwarya ta koma wayam, daɗi ya kama ta, ta ƙaro wata.

Da safe cikina ya fara ƙugi. Nan kaina ya ɗaure. Tsoron baƙi ne ko furar Inna? In zauna a gida, a ce jami'in tsafta ya gudu ranar dubawa? In je, in zama ni ne mai kai cuta gidan da na hana kowa kai ko ƙosai? Na lallashi kaina da cewa fargaba ce kawai, na sa farar rigata na tafi.

Shugabar baƙin wata Hajiya ce mai tabarau, ba ta dariya. Ina cikin yi mata bayanin bokitin wanke hannu sai ciki ya murɗa. Na ce, "Hajiya, ina zuwa." Na je na dawo, na ɗora daga inda na tsaya, har na manta ko sabulu nake bayani ko buta. Na sake cewa ina zuwa. Na sake. A fitowar ƙarshe na tarar da Baba Nomau a ƙofar banɗaki da sandarsa, tsofaffi sun yi layi a bayansa.

"Malam Wanke-Hannu, mi ya faru?"

"Ba komai, Baba, butoci nake dubawa."

"Duban buta ke sa mutum zufa haka?" Ya juya ya kalli 'yan'uwansa, ya juyo. "Ƙwayar cuta ba ta san girma ba. Kai ka faɗa. Wuce mu je."

Babu wanda ya taɓa ni, don na koya musu kada su taɓa. Da sanduna suka kora ni kamar akuyar da ta shiga gonar wake, har ɗakin killacewa. Ƙarar sakata kawai na ji. Ni da kaina na sa kafinta ya kafa ta ta waje. Sai da na shiga na lura babu bokiti a ɗakin, babu ruwa, taga 'yar ƙarama can sama, banɗaki kuma yana can ɗaya kusurwar gidan. Na buga ƙofa, Baba Nomau ya ce doka ta ce sai an kai rahoto.

Ya kuwa kai rahoton. Ina ciki na ji takun Hajiya, na ji ta ce, "Madalla! Gwaji kuka shirya mana?"

In ce gwaji ne, in fita da mutuncina, amma idan kwalara ce fa, na gama da tsofaffin nan? In faɗi gaskiya, a ce gidan da jami'in tsaftarsa ke gudawa ai rufewa ta dace da shi? Ina ta wannan saƙa da warwara sai cikina ya yanke hukunci. Na ƙwala ihu, "Hajiya, ba gwaji ba ne! A taimaka da bokiti!"

Ta tagar nan aka zuro mini shi. Da abin ya lafa, Hajiya ta tsaya bayan ƙofa tana tambaya, gidan kaf yana saurare.

"Me ka ci jiya?"

"Fura."

"A ina?"

"Gidan surukai."

"Ka ga ruwan da aka dama da shi?"

"Na gani."

"Kuma ka sha?"

"Har da ƙari."

Baba Nomau ya ce, "Hajiya, kar ki ga laifinai. Furar suruka ko da ƙwaro a ciki taunewa ake." Gidan ya ɗauki dariya, har da mai tabarau. Sai ta tambaya wa ya tsara wannan ɗaki haka. Suka haɗa baki: "Na ciki!"

An kai ni asibiti, gwaji ya nuna ba kwalara ba ce, ɓacin ciki ne. Matata ce ta je Tsafe ta yi wa Inna maganar rijiya, ba ta ambaci sunana ba. Gidan gajiyayyun kuma ba a rufe shi ba. Hajiya ta ce abin da ya sa ta bar shi, tana tsaye ta ga tsofaffi sun killace ni, sun zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a banɗaki, sun yi layi sun wanke hannu, babu wanda ya umarce su. Amma ta ce a cire sakatar waje, a kai ruwa da bokiti mai murfi, a gina banɗaki kusa. Kunya ta ishe ni, amma ranar da na dawo aiki na ga Baba Nomau zaune a tabarmarsa, ba a watsa tsofaffin ba, sai da idona ya ciko.

Abin da na koya shi ne, kafin ka tsara wa wani ɗaki, ka shiga a rufe ka ciki tukuna. Gidan surukai kuwa yanzu ba na zuwa sai Litinin ko Alhamis, in ce ina azumi. Inna tana ta yabona a dangi, wai ta yi sa'ar suruki mai ibada. Shi ya sa take dama furar ta zuba a jarka, ta ce in tafi da ita in yi buɗa-baki.