Dodon Kinkinau

Kuskurena ɗaya ne tak, ban auna nauyin wuƙar ba.

Muna aji uku makarantarmu ta shirya gasar faɗan mutum-mutumi tsakanin makarantu, na rantse wa duk unguwa kofin nan nawa ne. Na ciro injin fankar Baba mai caji, na ɗaura masa wani jibgegen ƙarfe da zai riƙa juyawa yana saran abokin karawa. Na raɗa masa suna Dodon Kinkinau.

Abokina Sadik ya ce, "Mutumina, wuƙar nan fa ta fi gangar jikin nauyi."

Na ce, "Kai dai miƙo batir."

Ranar gasa na danna maɓalli ina hura hanci. Wuƙar ta ƙi motsi, sai jikin Dodo ya kama hajijiya yana watsi da tayoyinsa. Alƙali ya haye benci. Wani ɗan mitsitsin mutum-mutumin 'yan makarantar Katabu ya lallaɓo ya ture shi waje.

Ina kewar yammacin da muke ƙere-ƙeren nan a zaurenmu. Kofi dai ya tafi Katabu, Baba ya yi bazara da mafici. Har yau in zafi ya taso, sai ya miƙo min shi ya ce, "Injiniya, bismillah."