Malam Bawale da Zakaran Cikin Ƙwai

Wani malamin kimiyya ne a sakandaren garinmu, Malam Bawale. Shekara ashirin yana koyarwa, ba wanda ya taɓa jin ya ce "ban sani ba". Ka tambaye shi dalilin da ya sa sauro ya fi cizon wani, zai ba ka amsa har da shekarar da aka gano. Shi dai bakinsa ba ya shan kaye.

Ran nan wata mai bincike daga jami'a, Dakta Hassatu, ta kawo ziyara. Shugaban makaranta ya sanar cewa za ta zaɓi malami ɗaya ya kai ɗalibai goma ɗakin bincikenta, sati guda cur. Malam Bawale ya sa wa tafiyar nan rai, har ya kai babbar rigarsa wajen mai guga.

Aka taru a aji. Dakta ta ce, "Yara, mu masu bincike da abin da ba mu sani ba muke cin abinci. Har yau ana neman cikakken dalilin da ya sa muke barci. Ku kawo tambayoyinku, komai ƙanƙantarsu."

Wata ɗaliba, Ladidi, ta ɗaga hannu. "Dakta, mutum zai iya duban ƙwai ya gane kaza ce a ciki ko zakara?"

"Da ido kawai? Wallahi ban sani ba."

Ai kuwa Malam Bawale ya ji kamar an yi masa bushara. Ga kwanon ƙwai a teburin baƙuwa, shi a zatonsa na gwaji ne ta zo da su. Ya yi lissafi a ransa: ƙyanƙyasa sai kwana ashirin da ɗaya, Dakta kuwa da la'asar za ta tafi. Wa zai kama shi?

Zumbur ya miƙe. "Dakta, Allah ya ba ki haƙuri, wannan ai tuni na gama da shi."

Shugaban makaranta ya yi gyaran murya. "Malam Bawale, waɗannan ƙwan fa..."

"Ranka ya daɗe, a bar kimiyya ta yi aikinta."

Ya ɗauki ɗaya, ya ɗaga shi saitin taga, ya kanne ido. "Kaza." Ya ɗauki na biyu ya kara a kunne.

"Zakara! Kuma mafaɗaci. Ga zuciyarsa nan, dum-dum-dum."

Dakta ta ce, "Kana jin ta?"

"Tar-tar. Yanzu ma ya juya."

Kan ka ce kwabo ya raba ƙwai shida: kaji huɗu, zakaru biyu. Ya ƙara da cewa ɗaya daga cikin kajin wake-wake ce. Ni kaina da nake bakin taga sai da kunya ta kama ni, shi ko a jikinsa.

Dakta ta juya ga yara. "Wa zai gaya mini yadda za mu gwada maganar Malam?"

Ladidi ta ce, "Sai mu sa musu alama, mu ba kaza ta kwanta a kai."

"Madalla, wannan shi ne bincike. Ke ce ta farko a motar jami'a. Sai dai kazar za ta daɗe a kwance."

Dakta ta miƙa hannu ta ɗauko zakaran nan mafaɗaci. Ƙwas! a gefen tebur. Ta ɓare shi tsaf, fari sol. Shugaban makaranta ya sunkuyar da kai, ya turo mata ƙullin yaji, don shi ya aika aka sayo mata dafaffun ƙwan a tasha, ta karya kumallo.

Yara suka danne dariya har kafaɗunsu na rawa. Malam Bawale ya tsaya ƙiƙam, gumi na tsattsafo masa.

Dakta ta dangwali yaji, ta gutsura, ta tauna a natse. Sannan ta tura masa kwanon.

"Bismillah, Malam. Kaza za ka ci, ko in ba ka ɗaya zakaran?"