Kakan Sanyi a Bakin Murhu

Ba zan taɓa mantawa da yammacin ƙarshen Disambar nan ba, ko na so in manta, 'yan uwana direbobi na unguwar Sotega a Libreville ba za su bari ba. Har yau in na tuna sai in ji kamar in rufe kaina da duka. Ba wanda ya cuce ni. Ni na ɗauki ƙafata na kai ta inda ba a aike ta ba.

Lokacin ina watan gwaji a gidan wani likita ɗan Gabon, wanda ya yi karatu a Rasha ya dawo da mata, Madam Olga. Kafin nan na daɗe ina jan taksin wani, kullum cikin cacar baki da fasinja, don haka wannan aikin ya fi mini komai. Dokta ya faɗa mini a fili: in sabuwar shekara ta shiga zai yanke, ko in zauna ko in kama gabana. Ni kuwa har na riga na buga wa iyalina a Maraɗi cewa aiki ya samu (ka ji wauta ta farko).

A gidan akwai mai girki, Maman Solanj, 'yar ƙasa ce, ta daɗe tare da su. Tun ranar farko jininmu bai haɗu ba. In na leƙa kicin neman ruwa sai ta ce, "Malam, motarka tana waje." Ni da uwata take sayar da farfesu a tasha, a gindin tukunya na tashi, a ce wata tana kora ta kamar kaza? Na ƙulla mata a raina, ina jiran rana.

A wannan shekarar mahaifiyar Madam ta zo daga Rasha, tsohuwa tukuf, kowa Babushka yake kiran ta. Su a wurinsu sabuwar shekara ita ce babbar fet, wato babban biki. Tsohuwa ta zauna da almakashi tana yanka farar takarda, ta buɗe sai ka ga kamar tauraro, wai siffar ƙanƙarar ƙasarsu ce, aka lilliƙa a tagogi. Madam ta ba ni labarin wani tsoho da suke kira Ded Moroz, wato Kakan Sanyi: doguwar riga, farin gemu, sanda a hannu. Ba ya fitowa sai yara sun kira shi sau uku, kuma ba ya ba yaro kado, wato kyauta, sai ya hau kujera ya rera waƙa ko ya yi hadda. Baturen da ya saba yi musu, wani injiniya a Owendo, ya yi tafiya. Madam ta dubi tsawona ta ce ni zan yi. Na tambaya ko akwai bauta a ciki, ta ce wasan yara ne kawai. Na amsa har da bugun ƙirji.

Ana sauran kwana biyu aka aike ni sayen ƙafar sa. Na tafi Nzeng-Ayong wurin wani mahauci Bahaushe, na zaɓo da hannuna, masu kyau. Riƙe wannan a ranka.

Ranar fet da la'asar aka sa mini shuɗiyar riga mai kauri kamar bargo, aka manna mini gemun auduga da kol, wato gam, a zafin Libreville. Madam ta ce in ɓuya a kicin har a kira ni. Maman Solanj tana falo tana shirya tebur, ta jera lemo da wani salak na dankali da ƙwai da mayonez. Ina tsaye ina gumi sai idona ya faɗa kan wani dogon kwano da aka fito da shi daga firigo, wato firiji. Na buɗe. Ƙafar san da na sayo ce, an zare ƙashi, romon ya daskare yana rawa kamar ƙullun kamu.

Raina ya ɓaci, amma a ƙasan ɓacin ran akwai murna, gara in faɗi gaskiya. Na ce yau na kama ta. Farfesu guda ta bari ya sandare, baƙi sun cika gida, ko ɗumamawa ba ta yi ba! Na juye shi kaf a tukunya, na kunna gas. Na ɗanɗana, lami, sai tafarnuwa. Na zaro ƙullin yajin da ba ya barin aljihuna na zazzaga. Ina juyawa ina ƙiyasta yadda Dokta zai dafa kafaɗata.

Can na ji yara sun ɗauka, "Ded Moroz!" Na ce bari ya tafasa. Suka sake. A na uku na zabura na fito, tururi ya riga ya saki kol, gemu ya zazzago gefe guda, ya yi ja da mai. Yaji ya shige mini hanci, na shiga falo da atishawa. Sai da na ɗaga hannu zan buga sanda a ƙasa na ga ashe ludayi na riƙo.

Yara suka fashe da dariya. Da na tsaya a nan, da an ɗauka cikin wasan ne. Amma bakina bai bar ni ba. Na dubi Dokta a gaban baƙinsa na ce da shi yadda muke kiran maigida, "Patiro, kada ka damu. Maman Solanj ta bar farfesu ya daskare, amma na gyara. Yana kan wuta."

Maman Solanj ta ajiye farantin da ke hannunta a hankali.

"Wane farfesu, Malam?"

"Na ƙafar sa."

"Ba ni na dafa ba," in ji ta. Ta nuna tsohuwa da haɓa.

Ashe sunansa kolodes, kuma a daskare ake cin sa, a yanka kamar alkaki. Tsohuwa da kanta ta wuni a tsaye tana kwashe kumfa, ya kwana a firigo. Madam ta yi shekaru ba ta ci na hannun uwarta ba. Ta shiga kicin ta fito idonta jawur. Dokta ya miƙo hannu ya ce, "Makullin mota." Na laluba cikin bargon nan na ba shi, ina tuna wayar da na buga Maraɗi.

Sai Babushka ta yi magana da yarensu, a taƙaice. Madam ta fassara ba tare da ta dube ni ba: "Mama ta ce Kakan Sanyi na ƙasarsu daskarar da kogi yake yi. Kai ne na farko da ta gani yana narkarwa." Tsohuwa ta karɓi makullin daga hannun surukinta, ta jefa cikin buhun kado, ta jawo 'yar kujerar da yara za su hau, ta nuna mini.

Na gane. Ba a samun komai daga buhun sai an hau. Na hau, ƙato da ni, gemu a kunne, ludayi a hannu. Ba ni da waƙa. Na ce, "Maman Solanj, na so in kunyata ki ne. Ki yafe mini."

"Ban ji ba, Malam. Gas yana ƙara."

Na maimaita da ƙarfi. Yara suka tafa kamar na yi hadda. Tsohuwa ta zaro makullin ta ba ni, da lemo ɗaya.

Ina nan a gidan har yau. Sharaɗin Dokta ɗaya ne: iyakata ƙofar kicin. Farfesun kuwa ni aka ɗura wa a kwano na kai wa direbobin Sotega, suka lashe tas, sannan suka laƙaba mini Kakan Zafi. Wannan sunan yana ƙona mini rai, amma ba ni da bakin magana. Yanzu in na ga abu ya daskare a gidan mutane, ko da ruwan alwala ne, sai na tambayi mai shi kafin in kunna wuta.