Ko Uwata Ce, Sai Ta Latsa

Idan ana maganar ƙwaƙwalwa a garin nan, kowa sai ya kama bakinsa, domin akwai Mai Guduma. Likitan ƙwaƙwalwa ne da jijiyoyi, mai asibitin kansa a bakin babban titi. Ya san kowace jijiya da sunanta, da inda ta fito, da inda ta dosa. Laƙabin kuwa ya samo shi ne daga 'yar gudumar robar nan da ake ƙwanƙwasa gwiwar majinyaci da ita. Ba ya rabuwa da ita. Ko abinci yake ci, tana leƙowa daga aljihun kwat ɗinsa. Ya taɓa ƙwanƙwasa gwiwar mai gyaran famfo ba tare da an roƙe shi ba, ya kuma tabbatar masa lafiyarsa ƙalau. Irin wannan kyauta ba kowa Allah ya ba zuciyar yin ta ba.

Da can asibitin yana tafiya a cikin duhun kai. Bencina cike da mutane tun safe: tsofaffi masu rawar hannu, masu mantuwa da 'ya'yansu ke riƙe da su, masu farfaɗiya, da waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye. Ana hira, ana tari, fanka na kuka. Mai ƙaramin tunani zai ce wannan ai arziki ne. Amma Mai Guduma ya je bitar masu harkar kasuwanci a wani babban otal, ya dawo da takardar shaida mai gefen ruwan zinariya, da ilimin cewa cikar ɗakin jira abin kunya ne.

Ya tara ma'aikatansa, ya tsaya yana kaɗa gudumar a tafin hannu.

"Jira cuta ce," in ji shi. "Asibitin zamani ba tashar mota ba ne. Daga yau babu majinyaci a nan, sai abokin hulɗa. Ni kuma ku daina ce mini likita kawai, Babban Darakta nake. Burina ɗaya ne: in leƙo ɗakin nan in tarar ba kowa a zaune."

A daidai wannan lokaci ne ƙanwarsa ta fara damun sa da waya. Hannun Inna, mahaifiyarsu, ya fara rawa. Shayi na zubewa kafin kofi ya kai baki, zare ya ƙi shiga allura, maɓallin riga ya gagare ta. An ce a kai ta wani asibitin, ta ce ita ta haifi likitan jijiya, ba wanda zai taɓa hannunta sai shi. Ta riga ta gaya wa maƙwabta haka.

"Yaya, ka zo ka duba ta mana, ko a tsaitsaye ne."

"Duba mutum a falo aikin 'yan da ne," ya ce. "Ki bari in gama gyara tsari. Inna za ta shigo asibitin da ya dace da ita."

Sai aka shiga gyara. Aka fitar da bencinan aka jibge a bayan gini, aka kawo kujeru sirara marasa hannu, masu kyau ƙwarai a hoto, waɗanda mai shanyewar jiki ke zamewa daga kansu a hankali cikin mutunci. Aka shimfiɗa tayil mai sheƙi wanda sanda ba ta kama shi. A saman ƙofa aka kafa allon fitilu masu walƙiya, ja da shuɗi, suna ƙyaftawa dare da rana don yi wa masu farfaɗiya da masu ciwon kai maraba. A teburinsa kuma ya ajiye ƙararrawa mai buga kanta. Da ta buga, ganin likita ya ƙare, ko da tsoho bai gama tuno abin da ya kawo shi ba.

Amma kambun aikin shi ne na'urar bakin ƙofa. Allo ne na gilashi mai 'yan ƙananan lambobi kamar ƙwayar gero a jere. Abokin hulɗa zai latsa sunansa, da ranar haihuwarsa, da lambar sirrin da aka tura masa ta waya tun makon da ya wuce. In ya yi daidai, ƙofa ta buɗe. In ya yi ta kuskure, na'ura ta kulle shi sai wani jiƙon. A asibitin da rabin masu zuwa hannunsu ke rawa, ɗaya rabin kuma ba sa tuna abin da suka ci da safe, wannan dabara ce da sai babbar ƙwaƙwalwa za ta haife ta.

Akwai wata ƙaramar likita da ke taimaka masa. Yana kiran ta Sannu-Sannu, saboda tana da mummunar ɗabi'ar barin majinyaci ya kai ƙarshen maganarsa. Ita ce ta yi ƙarfin halin cewa, "Ranka ya daɗe, masu rawar hannu fa? Yaya za su yi da lambobin nan?"

Mai Guduma ya dube ta da tausayin da ake duban wanda bai je bita ba. Ya ɗaga murya yadda maigadi ma zai ji daga waje.

"Tsari ba shi da ɗan uwa. Ko uwata ce, sai ta latsa!"

Ba a jima ba ya sallami Sannu-Sannu, don ƙararrawa ta sha buga mata tana zaune tana sauraro. Ta kama wani ɗan ɗaki a bayan kantin maganin da ke tsallaken titi. Ta roƙi tsofaffin bencinan, ya ba ta har da murmushi. Shara ce aka raba shi da ita.

Tsari kuwa ya yi aiki fiye da zato. Surutu ya ragu, tari ya ragu, tayil bai ƙara ganin sawun ƙafa ba. Kullum Mai Guduma ya leƙo sai ya ga ya ƙara kusantar burinsa. Ƙanwarsa ta sake kira ta ce yanzu cokali ma faɗuwa yake yi daga hannun Inna.

"An tura mata lambar sirri," ya ce. "Ku zo ranar buɗewa, ta ga abin da ɗanta ya gina."

Ranar buɗewa abokan bitarsa suka zo da kwat-kwat, da mai ɗaukar hoto. Ya shigo da su ta ƙofar baya, don manya ba sa latsawa. Ya tsaya a tsakiyar ɗakin jira ya buɗe hannuwa.

"Ku duba da kyau. Kujera ko ɗaya babu mutum a kanta. Wannan shi ake kira nasara."

Aka tafa. Daga bakin ƙofa na'ura ta yi ƙara, ta sake yi, ta kuma yi. Ta cikin baƙin gilashin ana hango inuwar wata tsohuwa ta sunkuya a kan allon, wata mace na riƙe da ita.

"Kun ji ko?" in ji shi. "Yanzu haka na'urar tana tace marasa tsari. Ba ruwanta da fuskar kowa."

Aka ƙara tafawa. Inuwar ta juya ta tafi.

Da aka fito ɗaukar hoto a ƙarƙashin fitilun, sai idonsa ya tsallaka titi. Gefen kantin maganin cike yake. Bencinansa ne, mutanensa ne, har da tarin da ya sani. A ƙarshen benci kuwa ga Inna zaune, ta dafe hannun dama da na hagu a kan cinya. Ya tsallaka da sauri, mai hoto na biye da shi don ya ɗauka wani ɓangare ne na shirin.

"Inna! Me kike yi a nan?"

Ƙanwarsa ce ta amsa. "Yaya, ai mun je. Ta nufi lamba biyu, yatsa ya sauka a kan biyar. Na ce in latsa mata, maigadi ya ce kowa da hannunsa. Ya ce Darakta ya ce ko uwarsa ce. Inna ta ce masa, to ai uwar tasa ce. Ya ce shi ya sa ma ba zai buɗe ba, da bakinka ka ambace ta."

Wani tsoho a bencin ya yi dariya har sandarsa ta faɗi.

"Kuskuren aiki ne," in ji Mai Guduma, murya ƙasa-ƙasa. "Taso, Inna, in shigar da ke ta baya."

"A'a, Darakta." Ba ta taɓa kiran sa haka ba. "Layi ya kusa zuwa kaina. Yarinyar nan ta fito ta riƙe hannuna ta tambaye ni yaushe ya fara. Tun da ya fara, ba wanda ya tambaye ni."

Sannu-Sannu ta leƙo daga ɗan ɗakin, ta gaishe shi cikin ladabi, ta ce Inna ta shigo. Tsohuwar ta miƙe da ƙyar. Da ta zo gota shi sai ta tsaya, ta dubi abin da ke leƙowa daga aljihunsa, ta miƙa hannun nan mai rawa ta zare shi. Wannan karon yatsun ba su yi kuskure ba.

"Bari in kai mata aron wannan," ta ce. "Ita tana da gwiwoyin da za ta ƙwanƙwasa. Kai je ka tsare kujerunka, kada wani ya zauna."