Ni da Isiyaku Mun Ga Ashirin da Ɗaya

Ko tsufa ya kwashe mini komai daga ka, ba zan taɓa mantawa da ranar da Dakta Rifkatu ta zauna a bayana da biro tana auna ni ba. Har yau in na bi ta gaban asibitin nan sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Bayan na gama digiri a ilmin halittu, na shiga horon masu ba iyalai shawara kan cututtukan gado. Mu ne ake turo wa mutane su tambaya, "Abin nan da ke damun babana, zai kama 'ya'yana?" Mu huɗu aka tura sashen ido na wani asibiti a nan Kaduna, kuma mutum ɗaya tak Dakta Rifkatu, shugabar horon, za ta zaɓa ya tafi ƙaro karatun ƙwarewa. Ni kuwa tuni na sa gurbin nan a aljihu. Na gaya wa matata Hadiza, na gaya wa 'yan majalisarmu a Kinkinau, har mai shayi ya fara ce mini "Dakta" (ban hana shi ba, Allah ya yafe mini).

Inda na fi baki shi ne larurar rashin bambance launi, wato masu ganin ja da kore kusan abu guda. Ina da misali a gida: Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata. Shi ne ya taɓa zuwa ɗaurin aure da jar hula alhali ankon kore ne, ya kafe kan cewa tasa daidai take da ta kowa. Duk sanda na tashi yin bayani a aji sai na jawo Kawu a yi ta dariya. In zana jerin danginmu a allo, kowane namiji da ɗan akwatinsa, in cike na Kawu da baƙi, in ce, "Ta wajen uwa abin ke bi, kuma maza ya fi kamawa." Akwatina yana nan ƙasa kaɗan, ɗan yayarsa, fari fes. Ko sau ɗaya ban tsaya na dube shi ba.

Ranar jarrabawa aka shigo mini da Isiyaku, wani saurayi daga Rigasa, tare da mahaifiyarsa. Ya koyi aikin wayar wuta, ya nemi aiki a wani kamfani, aka ce ya faɗi gwajin launi. Uwar tana son ta san ko gado ne, saboda yana da ƙanne maza.

Nas ɗin da ke yin gwajin ta ɗan fita, kuma ƙa'ida ita ce in jira ta. Ina! Ga Dakta tana kallo, ai lokacin burgewa ya zo. Na ɗauko littafin gwajin da kaina, wanda kowane shafinsa ɗigo-ɗigo ne kala-kala, da lamba a ɓoye a ciki. Takardar amsoshi ta faɗo, na ture ta gefe da yatsa ɗaya. Dakta ta ɗaga gira. (Gaskiyar magana, ban taɓa buɗe littafin ba. Kwafin da muke karatu da shi baƙi da fari ne, kuma wa ke gwada mai lafiya?)

Na buɗe shafin farko. "Me ka gani?"

"Sha biyu, yallaɓai."

"Madalla." Na juya.

"Uku."

Na leƙa. Uku ce ƙiri-ƙiri. "Daidai!"

Na sake juyawa, ya ce, "Ashirin da ɗaya." Na duba, ga biyu, ga ɗaya, ba ko tantama. Nan fa raina ya ɓaci a madadinsa. Na rufe littafi, na buga tebur.

"Mama, ɗanki lafiyarsa ƙalau! An zalunce shi ne kawai. Idonsa da nawa ba bambanci!"

Wannan jimla ta ƙarshe ita ce gaskiya ɗaya tilo da na faɗa a ranar.

Isiyaku ya fara washe baki. Uwar kuwa ta jawo littafin, ta kanne ido ɗaya. "Ɗan nan, ni fa saba'in da huɗu nake gani."

Da mai hankali ne da ya yi shiru. Ni sai na gyara murya, na yi mata murmushin tausayi, na ce, "Mama, kada ki damu. Ke ma za mu duba ki."

"To a haɗa da ni," in ji Dakta daga bayana, "don ni ma saba'in da huɗu nake gani. Wanda kuka ce uku kuma takwas ne."

Ta ɗauko takardar da na ture ta shimfiɗa a gabana. Layi biyu ne, abin da mai cikakken gani ke gani da abin da mai larurar ke gani. Duk amsoshina suna layi na biyu, a jere, ko ɗaya ban kuskure ba. Abokan horona uku suna bakin ƙofa, ɗaya ta cusa gyale a baki, kafaɗunta na rawa. Wallahi na so siminti ya tsage in shige.

Isiyaku ya dube ni da tausayi. "Yallaɓai, ashe kai ma namu ne."

"Malam," in ji Dakta, "ga masu neman shawara biyu. Bismillah."

Da murya kamar ta ɗan akuya na yi bayanin. Na ce ba makanta ba ce, ba ta ƙaruwa, ba ta da magani, amma haɗa wayar wuta da irin idonmu (haka na ce, idonmu) kasada ce da rai. Na ce a kawo ƙannensa a gwada su tun kafin su zaɓi sana'a. Isiyaku ya ce dama yana sha'awar aikin famfo.

Mai cusa gyale ce ta samu gurbin. Dakta ta kira ni ofis ta ce, "Ba idonka ya kayar da kai ba, da shi za ka iya aikin nan sarai. Yatsan da ka ture takarda da shi ne." Na ji zafi ƙwarai, don gaskiya ta faɗa.

Na koma gida ina neman mai rarrashi. Hadiza ta saurare ni tana yanka alayyahu, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Au, sai yau ka sani?"

"Kin sani?"

"Tun daga kayan lefe. Don me kake tsammani nake fito maka da kaya da hula kullum da safe?"

"Na ɗauka soyayya ce!"

"Ita ce mana. Har da gudun abin kunya."

Darasin da na koya bai da tsawo: kafin ka cike akwatin wani da baƙi a gaban aji, leƙa wanda ke ƙasa da shi. Mai shayi ya koma kirana da sunana, na kuma goge Kawu daga allo. Ranar Juma'a na je gaishe shi, na zayyana masa komai, na nemi gafara. Ya yi dariya har da tari.

"Na ji labari ai, kana koyarwa da hulata. To bari ka ji, hular nan daidai take da ta kowa, har gobe!"

Na waiga, na tabbatar ba mai jin mu.

"Kawu, wallahi ni ma ranar ban ga abin da ake wa dariya ba. Na ga ana yi ne, na taya."