Rasuwar Fankar Silin ta Hawa na Biyu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da riga mai cike da gumi, malamin lissafi na hawa na biyu yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar fankarsa ta falo, wadda ta cika ranar Talata da rana tsaka, tana da shekara goma sha tara a rataye.

Marigayiyar mai haƙuri ce. A ƙarƙashinta aka yi rainon 'ya'ya huɗu. Ba ta taɓa zaɓen wanda za ta yi wa fifita ba, baƙo ne ko ɗan gida, har surukin da ba a so ya daɗe. Da tsufa ya zo, lamba ɗaya da biyu suka daina aiki, sai ta uku, tana juyi tana "ƙiiƙ, ƙiiƙ," maigida kuwa ba ya iya duba takarda sai da wannan kukan.

Ba ta yi jinya ba. Da safe aka ɗauke ruwa, nas ɗin da ke hawa na uku ta murɗa famfon banɗakinta, ba ko ɗigo, ta bar shi a buɗe ta tafi aiki. Ruwa ya dawo bai tarar da kowa ba, sai ya sauko neman mutane. Malam na zaune da jan biro da takardun jarrabawa arba'in ya ji ɗigo a sanƙonsa. Kafin ya ɗaga kai, marigayiyar, da ba ta saba riƙe abu ita kaɗai ba, ta raba ruwan nan ko'ina: bango, labule, hoton aure, takardu. Ta ce "ƙiiƙ" sau ɗaya, ta yi hayaƙi, shi ke nan.

Ruwan bai tsaya nan ba, ya gangara shagon mai aski a ƙasa, inda wani bawan Allah ya fita da rabin aski.

Ta rasu ta bar uwargida, da kafet wanda yake kwance rai a hannun Allah, da silin mai kumburin ciki, da ɗalibai arba'in da ba a ga alamar alhini a fuskarsu ba.

Malam ya shirya wa nas magana mai tsawo. Sai ga ta da kayan aiki a jiki, bokiti a hannu, ido ya yi ja. "Baba, ni ce na kashe ta," in ji ta. Maganar ta gudu, ya ce, "Kwananta ne ya ƙare, 'yata. Kama can mu ɗaga kujera."

Mai gyaran wuta zai sauko da gawar ranar Asabar da hantsi, mai gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, zai raka ta. Ana karɓar gaisuwa a baranda. Kujera uku ce ta tsira, wanda ya makara ya taho da tasa.